Yadda Yaya Ta Koyi Cin Abincin Baƙuwa

A sashen wanki na asibiti, inda yayata ta yi aiki tun tana iya ɗaukar bokiti biyu a tashi ɗaya har gwiwoyinta suka fara ƙara, ba mai kiranta da sunanta. Ba-na-ci suke ce mata. A kawo abincin suna, ta ce ba ta ci. A kawo na biki, ta ce ba ta ci. Ko alewa aka miƙa mata sai ta juya ta, ta ƙare wa takardar kallo, sannan ta mayar wa mai ita da godiya. Da farko sunan yana ɓata mata rai, daga baya ta saba, har in sabuwar ma'aikaciya ta kira ta da shi cikin rashin sani, amsawa take yi.

Ita ce babba a gidanmu, ni ce auta, amma wanda ya ga yadda muke cin abinci ba zai ce nono ɗaya muka sha ba. Ni ko dutse aka dafa, in dai an sa masa gishiri, sai na ɗanɗana. Yaya kuwa abin da hannunta bai dafa ba ba ya wuce maƙogwaronta. Tana da wata tsohuwar kula mai ruwan toka wadda hannunta ɗaya ya karye. Da ita take zuwa aiki, da ita take zuwa gidan biki, ta sami lungu ta buɗe ta ci shinkafarta da miyarta, masu gida suna kallo. In na yi mata tsiya sai ta ce, "Auta, ke ba ki san abin da ke fitowa daga cikin ɗan Adam ba. Ni nake wanke zannuwan."

Gaskiyarta ta wani fannin. Ɗakin wankin yana ƙarƙashin ginin asibitin, ba taga sai wata 'yar ƙarama can sama wadda ƙafafun masu wucewa kawai ake gani ta cikinta. Daga safe zuwa yamma ana turo amalanke cike da zannuwan gadon marasa lafiya, ita ce ke warewa, wannan na jini, wannan na amai, wannan ba a magana. Manyan injuna suna ta juyi, tururi ya cika wurin, warin bilic ya kama tufafinta da gashinta. Tafin hannunta ya yi fari ya tsattsage. Wanda ya shekara ashirin da ɗoriya a irin wannan ɗaki, ba abin mamaki ba ne in ya daina yarda da tukunyar kowa.

Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa ɗaya tilo, wanda muke kira Dogo. Da wannan wanki ta yi masa makaranta har ya koyi gyaran injin jirgin ruwa, wani kamfani ya ɗauke shi ya kai shi wata ƙasa can gabas mai nisa. Can ya ga mace ya aura. Yaya ba ta so ba, amma da aka haifi 'ya mace aka sa mata sunanta, sai ta sauko. Takwara take ce wa yarinyar, hotonta na manne a jikin firij. Matar kuwa a gidanmu ba ta da wani suna sai Baƙuwa.

Takwara na da shekara huɗu suka zo hutu. Baƙuwa 'yar ƙaramar mace ce mai sanyin murya, ta haddace gaisuwarmu tun daga can, ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Umma," alhali da yamma suka iso. Muka yi dariya, ita ma ta yi. Ta kawo wa Yaya wani gyale mai santsi launin ganye. A akwatinta kuma akwai kwalabe da ƙulle-ƙulle da ta nannaɗe cikin rigunanta don kada su fashe a hanya. Daga baya Dogo ya gaya mini cewa a wurinsu girkin farko da mace za ta yi wa uwar mijinta babban abu ne, har sai da ta je gidan mahaifiyarta ta yi ta gwaji kafin su taso.

Kashegari da sassafe ta shiga kicin ɗin Yaya, wanda ko ni ba na shiga sai da izini. Na zo da hantsi na tarar da gidan ya ɗauki wani irin wari, kamar kifin da ya wuni a rana an haɗa shi da lemun tsami da wani ganye mai ƙamshin sabulu. Yaya na zaune a falo ta ɗaure fuska tamau. Baƙuwa ta fito da kwano a hannu biyu, siririyar farar taliya ce cikin romo, da yankan nama da ɗanyen ganye a sama. Ta ajiye a gaban Yaya, ta ja da baya ta tsaya tana murmushi.

Yaya ta ɗebi cokali ɗaya ta kai baki. Ba ta haɗiye ba. Ta miƙe ta nufi wurin wanke-wanke ta tofar, ta kuskure baki har da kakari. Da ta dawo ta ga Takwara a ƙasa da nata ɗan kwanon tana zuƙar taliya, sai ta fizge kwanon ta ce, "Kada ku kashe mini takwara da ruɓaɓɓen abu." Yarinyar ta fashe da kuka. Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila an yi gyara. Amma bayan azahar Yaya ta ɗauki tukunyar da aka yi girkin, ta zuba mata bilic irin na wurin aiki, ta dirje ta, ta ɗauraye, ta sake dirjewa, sannan ta kife ta a baranda rana ta buge ta. Baƙuwa na tsaye a bakin ƙofar ɗaki tana kallo daga farko har ƙarshe.

Ba su cika hutun ba suka koma. Ranar da suka tafi na wanke Yaya tas, na ce mata abin da ta yi ko maƙiyi ba a yi wa. Ta ce, "Ni na ce ta dafa?" Na tattara jakata na bar mata gidan, don hali zanen dutse ne, kuma ni ba ni da haƙurin goge dutse.

Daga nan waya ta fara gajarta. Dogo zai kira ta bidiyo, kullum shi kaɗai, kullum a cikin mota. Ina matarka? Tana aiki. Ina Takwara? Tana barci, ko tana makaranta. Sau ɗaya ne yarinyar ta bayyana a kafaɗarsa, ina gidan ranar. Yaya ta washe baki ta ce, "Takwara, takwarata, ga ni nan." Yarinyar ta dube ta, ta ɓoye fuska a wuyan ubanta, ta faɗi wata magana da yaren uwarta. Yaya ta tambayi me ta ce. Dogo ya ce ba komai, shirmen yara ne. Ta matsa masa. Sai ya ce, "Cewa ta yi ke ce wadda ta ƙwace mata kwano."

Bayan an kashe wayar Yaya ta daɗe zaune da ita a cinya.

Wata Asabar ina shagona na robobi a kasuwa, ina ciniki da wata mata a kan baho, sai ga Yaya da mayafinta na fita unguwa.

"Auta, rufe shagon nan ki raka ni."

"Ina za mu?"

"Gidan abinci."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na sallami mai bahon, na jawo mata kujera, ta ƙi zama. Ta ce so take ta nemo inda ake dafa irin abin da Baƙuwa ta dafa, ta koyi cinsa.

"Yaya, wannan ai zagaye ne. Ki kira ta ki ce ta yi haƙuri mana."

"Da wane yare? In na faɗa ta bakin Dogo, cewa za ta yi shi ya ƙara gishiri. Da bakin nan na tofar, da shi zan haɗiye, ta gani da idonta."

"To ki tambayi Dogo sunan abincin."

"Ba zan tambaye shi ba. Sai na iya tukuna."

Haka muka fara yawo. Sunan ƙasar mun sani, amma duk direban da muka faɗa wa sai ya ce ya gane, ya kai mu wani wuri daban, don a wurinsu duk baƙin da suka fito daga wannan ɓangare na duniya 'yan gida ɗaya ne. Yaya kuma hanci kawai ta dogara da shi. Za ta tura ƙofa, ta ja numfashi, ta raɗa mini, "Ba shi ba ne." Sai dai kafin mu juya an riga an ja mana kujera, kunya ta hana mu fita. Ta ce ba laifi, wanda zai hau doguwar bishiya ai da gajera yake farawa. Sharaɗinta ɗaya take gindaya wa masu kawo abinci, tana ɗaga yatsa: ba alade, ba giya.

A wani wuri mai ƙofar gilashi da sanyi kamar cikin firij, aka kawo mana tukunya tana tafasa a kan wuta a tsakiyar tebur, da ɗanyen nama da ganyaye a faranti. Yaya ta dubi mai kawowar ta ce, "Au, mu za mu dafa? To me muka zo yi?" Ranar ta ci sosai, amma a hanya ta ce wannan ba ya cikin lissafi tunda hannunta ne ya dafa. A wani wurin aka kawo nama yana danƙo da sukari. A wani kuma wani abin ruwa mai ƙafafu barkatai, wanda ni kaina sai da na yi shahada. Yaya ta rufe ido, ta yi bismillah, ta tauna, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, gumi ya karyo mata, ta haɗiye. Da farko da cokalinta take zuwa a jaka, nannaɗe cikin hankici. Wata rana na ga ta ɗauki na wurin ta goge da bakin mayafi ta ci da shi, na yi kamar ban gani ba.

Ni dai kakata ta yanke saƙa, har na yi ƙiba. Ita kuwa ramewa ta yi. Duk Lahadi a kwance take wuni da ciwon ciki, Litinin ta je aiki fuska a ƙwanjame. Abokan aikinta suka fara tambayata ko wani ciwo take ɓoyewa. Ta hana ni faɗa musu.

A asibitin ta gano abincin, bayan mun gaji da yawo. Tana tura amalanken zannuwa a barandar ɗakin masu karaya sai warin ya bugi hancinta. Ta saki amalanken ta bi shi har bakin wani gado. Wani baƙo ne kwance da ƙafa a rataye, cikin ma'aikatan kamfanin da ke gina babbar gada a bakin gari, wata tsohuwa irinsu tana ba shi romo daga kula. Yaya ta tsaya a kansu tana nuna kular tana nuna bakinta. Tsohuwar ta ɗauka yunwa take ji, ta miƙa mata. Da ƙyar wani mai shara da ya san su ya warware zancen, ya ce tsohuwar tana da ɗan wurin abinci a bayan kasuwar katako, inda ma'aikatan gadar ke ci.

Wurin bai kai shagona girma ba. 'Yan tebura ne da gajerun kujerun roba, fanka ɗaya mai kuka, kalanda mai hoton gonar shinkafa, da wata babbar tukunya da ba a sauke ta daga wuta. Tsohuwa, haka muka riƙa kiranta, ba ta jin yarenmu, mu ma ba ma jin nata. Abin da Yaya ta fara yi shi ne leƙa kicin. Ta shafa bayan tukunya da yatsa, ta duba tsumman goge-goge, ta ga naman saniya ne daga mahautan da mu ma muke saye. Ta fito ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Matar nan tana da tsabta." Daga bakin Yaya wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Ranar farko cokali kaɗan ta sha ta ruga waje, ta durƙusa a bakin kwata. Ma'aikatan gada suka bar cin abinci suna kallo. Na ji kamar in nutse. Tsohuwa ta fito da ruwan citta mai zafi, ta dafa bayanta har ta gama. Na ce mu tafi gida, abin ya isa haka. Yaya ta goge baki ta ce, "Shi ne, Auta. Wallahi shi ne." Murna take yi, idanunta jawur.

Tsohuwa ta gane inda matsalar take. Wani baƙin ruwan kifi ne a kwalba, shi ke da warin. Asabar ta gaba ta kawo mata romon babu shi. Ta gaba ta ɗiga kaɗan. Haka ta riƙa ƙarawa a hankali kamar mai yaye yaro. Ta nuna mata yadda ake matsa lemun tsami, yadda ake yayyaga ganyen da hannu, yadda ake ɗaga kwano a kurɓa. In masu ci sun ragu sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, wannan na zuba da yarenta, wannan na zuba da nata, kowa na gyaɗa kai. Na taɓa jin Yaya tana ba ta labarin tukunyar da bilic ɗin gaba ɗaya, abin da ba ta taɓa yarda ta tattauna da ni ba, Tsohuwa na ta cewa wani abu mai kama da to, to.

Damina ta wuce, wata ta kusa, kafin Yaya ta iya cinye kwano guda da ruwan kifinsa cikakke ba tare da ta runtse ido ba. Ranar da ta shirya, ta fito da gyalen nan launin ganye daga ƙasan akwati, ko sau ɗaya ba ta taɓa yafa shi ba. Ta sa Tsohuwa ta koya mata kalmar da suke faɗa in abinci ya yi daɗi, ta yi ta maimaitawa a mota. Na riƙe waya ina ɗauka. Ta matsa lemu, ta yayyaga ganye, ta ci taliyar tas, ta ɗaga kwanon ta shanye romon, ta juyo da cikinsa ga waya don a ga babu komai. Ta faɗi kalmar, ma'aikatan gada suka tafa mata. Sannan ta gyara zama ta ce, "'Yata, ga shi na cinye. Ki yafe mini. Ki kawo mini takwarata in gan ta."

Na tura wa Dogo, na rubuta masa ya nuna wa matarsa. Alama ta nuna ya buɗe. Shiru. Kullum da yamma in Yaya ta tashi daga aiki sai ta biyo ta shagona, wai ta zo duba ko an kawo sabbin bokitai. Ba ta tambaya, ni ma ba na cewa komai, sai ta ɗan zauna ta tafi.

Ni ya kira, ba ita ba. Da rana tsaka, ina jera kofuna.

"Inna, ke kaɗai ce?"

"Ni kaɗai ce. Ka nuna mata?"

Na ji yana jan numfashi. "Inna, ba ma tare. Mun rabu."

Na nemi kujera na zauna. Ya ce ta koma garin iyayenta can arewacin ƙasar da yarinyar, kotu ta ba ta riƙo, ta canza lamba, yanzu ta bakin lauya kawai suke magana. Shi kansa rabonsa da Takwara an daɗe. Ranar nan da muka gan ta a kafaɗarsa, ranar ziyara ce da aka ba shi, daga baya ziyarar ma ta yanke.

"Tun yaushe, Dogo?"

Da ya faɗi lokacin sai na lissafa a raina. Tun kafin Yaya ta zo shagona ta ce in raka ta gidan abinci ne.

"Kai kuwa me ya hana ka faɗa? Uwarka na can tana haɗiyar abin da ranta ba ya so, kana ji kana gani."

"Ban san tana yi ba, Inna. Kuma da wane baki zan faɗa mata? Za ta ce ita ta jawo."

"Ita ta jawo?"

"Ba ita kaɗai ba. Muna da namu. Amma tun ranar tukunyar nan, duk faɗan da za mu yi sai ta ce na tsaya ina kallo ban ce komai ba. Kuma gaskiya ne, ban ce ba. Na kalli bidiyon ya fi a ƙirga. Ke ki gaya mata, ni ba zan iya ba."

Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ma ya kama ni, na rasa wanda zan bi. Na rufe shago na nufi asibiti, don na san in na bari ta zo duba bokitai ba zan iya kallon idonta ba.

Na same ta a ƙarƙashin ginin, tana ninke zannuwan da suka fito daga injin busarwa. Ƙarar injuna ta sa sai da na ɗaga murya, maganar da ya kamata a faɗa a hankali. Ta saurara ba ta daina ninki ba.

"Ba ta gani ba ke nan."

"Ba ta gani ba, Yaya."

"Shi ba zai iya tura mata ba?"

"Ba shi da lambarta."

"Lauyan fa?"

"Lauya ba ya kai irin wannan saƙo."

Ta ɗora zanin a kan 'yan'uwansa, ta daidaita gefensa da tafin hannu. Ta jawo wani babba ta miƙo mini baki ɗaya. "Kama mini nan," in ji ta. Muka ja, muka haɗa, muka ninke. Hawaye na zuba mini, ita kuwa idonta a bushe. Wannan bushewar ta fi kuka ciwo a wurina.

Na ɗauka shi ke nan, za ta koma wa kularta mai karyayyen hannu. Asabar na zagayowa sai ga ta a bakin shago da mayafi. Na ce, "Yaya, don wa kuma?" Ta ce, "Abin da yarinyar ke ci ke nan yanzu. Ki tashi mu je." Muka ci gaba da zuwa. Ta daina sa a ɗauke ta a waya. Takan ci a hankali, ta zauna tana kallon kalandar nan mai gonar shinkafa. Dogo ya kira ta daga baya, suka gaisa, ta tambaye shi aiki, ya tambaye ta gwiwa, ba wanda ya taɓo zancen.

Sai aka gama gadar. Ma'aikatan suka fara tafiya rukuni-rukuni, teburan suka koma wayam. Wata Asabar muka tarar an jera kujerun roba a kan juna, an cire kalanda, fanka na ƙasa a ɗaure da igiya. Cikin 'yan ma'aikatan da suka rage akwai mutumin nan da ya karye a ƙafa, ya ɗan tsinci yarenmu a asibiti. Shi ya ce mana Tsohuwa za ta koma gida, wannan makon ne na ƙarshe.

Yaya ta ce in jira ta. Ta hau mota ta koma gida, ta dawo tana haki, gwiwa na ba ta wahala. Hoton Takwara ta ciro daga jikin firij, da wani ɗan ƙulli. Ta kwance shi a kan tebur, 'yan kunne ne ƙanana na zinariya.

"Da riga na so in ɗinka," ta ce mini, "to ban san tsawonta ba yanzu. Kunne kuwa ba ya fin ƙarfin ɗan kunne."

Ta kama hannun Tsohuwa ta sa mata hoton. Ta nuna yarinyar, ta faɗi sunanta, ta nuna ƙirjinta ta sake faɗin sunan. Ta faɗi sunan Baƙuwa na gaskiya, wanda ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Ta nuna 'yan kunnen, ta nuna can nesa ta inda rana ke fitowa. Ta ce wa mai karayar, "Gaya mata in ta gan su ta ba ta. Ta kuma gaya wa uwar abin da ta gani da idonta, cewa ina ci, ina cinyewa."

Mutumin ya fassara, sannan ya juyo yana sosa ƙeya. "Mama, ƙasa namu, mutane yawa-yawa. Gari na Tsohuwa kudu, wannan gari..."

Tsohuwa ta daka masa wata gajeriyar magana, ya yi shiru. Ta dubi hoton, ta dubi Yaya, ta dube ni, na sunkuyar da kai. Sannan ta karɓi ƙullin da hannu biyu, ta haɗa da hoton ta sa a aljihun cikin rigarta, ta dafa wurin. Ta shiga kicin ta zubo mana kwano biyu na ƙarshen tukunya, ta zauna tare da mu har muka gama.

A motar komawa gida Yaya na gefen taga, jakarta a cinya. Mun bi ta kan sabuwar gadar, ba ta ko kalle ta ba. Can ta juyo.

"Auta, ƙasar tasu babba ce?"

Na riga na duba a waya tun tuni. Na san yawan mutanenta, na san daga garin Tsohuwa zuwa na Baƙuwa tafiyar kwana da kwanaki ce a jirgin ƙasa.

"Ba ta da wani girma, Yaya."

Ta gyaɗa kai, ta gyara riƙon jakarta.

"To ai za su haɗu," in ji ta. "Mai abinci ba wanda ba ya zuwa wurinta."